Gandun Dabbobi da Tarihin da ke Bayansa

Yawancin ɗalibanmu a nan Abuja suna karanta Gandun Dabbobi, fassarar Bala Abdullahi Funtua ta 1975, tamkar tatsuniya. A ganina gwanintar mai fassarar ce ta jawo haka, domin ya sa wa dabbobin bakin Hausa har Rasha ta ɓace. Alhali kuwa George Orwell Tarayyar Sobiyet ya nufa: Maitumbi shi ne Stalin, Ɗantulu kuma Trotsky, wanda aka kora daga ƙasar a 1929, aka kashe a Meziko a 1940. Duk wanda bai san yadda aka ƙwace hatsin manoma ba, har yunwa ta hallaka miliyoyin mutane a Yukren tsakanin 1932 da 1933, dariya kawai zai yi a wurin da kaji ke fasa ƙwansu don kada a sayar.