Ɗakin Kifi: Nazari Kan Al'adar Masu Kiwon Killi

A wasu gidaje na Jamus da Ingila da Amurka akan ware wa kifi ɗaki guda, galibi gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kantoci ne na ƙarfe ko katako tun daga ƙasa har kusa da silin, kowanne ɗauke da ƙananan akwatunan gilashi, talatin ko hamsin, wani lokaci fiye da ɗari. Mai shiga da tsammanin ganin ado zai fito da sanyin gwiwa. Yawancin akwatunan ba su da tsakuwa a ƙasa, ba su da fitila mai launi. Soso ne kawai a kusurwa yana fitar da kumfa, da dunƙulen zaren ulu da kifi ke saka ƙwai a ciki, da 'yar takarda manne a jikin gilashi. Wannan takardar ce ta fi komai daraja a ɗakin.

Ajiye kifi a gilashi tsohuwar sha'awa ce a Turai. Gidan namun daji na Landan ya buɗe zauren kifinsa a 1853, kuma a 1869 wani mai kiwon kifi, Pierre Carbonnier, ya sa wani kifin ado da aka kawo Paris daga Sin ya hayayyafa. Amma ɗaki mai akwatuna da yawa ɗan buƙata ne. Mai son kifi ya yi ƙwai dole ya raba namiji da mace, ya raba iyaye da 'ya'ya don kada su cinye su, ya killace sabon zuwa na kimanin wata guda kafin ya haɗa shi da na gida. Jinsi ɗaya kan ci akwati huɗu ko biyar. Waɗanda suka fi tsayawa kan wannan tsari su ne masu kiwon killi, ƙananan kifaye masu tsananin launi da ba su cika wuce tsawon yatsa ba. An kafa ƙungiyarsu ta Amurka a 1962, ta Birtaniya kuma a 1965.

Fasahar ɗakin duk dabarar rage wahala ce. Maimakon famfon iska ga kowane akwati, injin guda ke hura iska cikin bututun roba da ya zagaye bango, daga nan ƙananan tiyo su sauka cikin kowane soso. A cikin soson ne ƙwayoyin bakteriya ke zaune, suna mayar da amoniyar da kifi ke fitarwa zuwa naitirait, sannan naitiret wanda gubarsa ta yi sauƙi. Sabon soso kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya kama aiki. A ƙasashen sanyi ɗakin ake ɗumamawa gaba ɗaya, sai a ajiye masu son zafi a kanta ta sama, masu son sanyi a ta ƙasa. Nauyi ma abin lissafi ne, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce: akwati ashirin masu lita arba'in sun kai kilo 800 kafin a haɗa gilashi. Masu kiwon sun rabu biyu kan ko a haɗa akwatunan da matata guda. Haɗawar tana sauƙaƙa sauya ruwa, amma cuta idan ta shiga akwati ɗaya ta shiga duka. A ganina masu rabawa ne ke da gaskiya, tunda rabuwar ita ce dalilin gina ɗakin tun farko.

Mu koma ga takardar. Bayan sunan jinsi, ana rubuta wurin da aka kamo kakannin kifin, kuma doka ce a tsakaninsu kada a haɗa na wuri biyu ko da jinsinsu ɗaya ne. A nan ne ɗan Najeriya zai ga abin mamaki. Ɗaya daga cikin killin da suka fi yaɗuwa a duniya, Fundulopanchax gardneri, ɗan Najeriya da Kamaru ne, kuma a jikin akwatunan Turai za ka karanta Makurdi, Akure, Lafia. Akwai kuma Pronothobranchius kiyawensis, wanda masanin Jamus Ernst Ahl ya bayyana a 1928 daga kogin Kiyawa kusa da Katagum. Kifin kududdufin damina ne: ruwa na ƙafewa manya su mutu, ƙwai su kwanta a cikin laka duk tsawon rani, kamar irin gero da aka yi binne yana jiran ruwan fari. Masu kiwo suna kwaikwayon wannan da ruɓaɓɓen gansakuka mai ɗanshi. Su ƙulle ƙwan a leda na wasu watanni, su rubuta ranar jiƙawa, har su aika wa juna ta gidan waya a ambulan. Rayuwar da muke wucewa ta gefenta a bakin fadama, wani a wata nahiya yana tsaron ta da kalanda.

Masu wannan al'ada suna son kiran ɗakunansu mafakar jinsunan da ke ɓacewa, kuma suna da hujja. Bayan an saka giwan ruwa a tafkin Victoria a shekarun 1950, kimanin jinsi 200 na ƙananan kifayen tafkin sun ɓace, wasu kuma a gilashi suka tsira. A Meziko, wani kifi mai suna Zoogoneticus tequila ya ƙare a kogin Teuchitlán. A 1998 Ivan Dibble, wani mai kiwo ɗan Ingila, ya kai maza biyar da mata biyar jami'ar Michoacán, kuma zuriyarsu ce aka mayar kogin daga baya. Sai dai wannan nasarar ta samu ne saboda jami'a da mutanen yankin sun gyara kogin. Kifin da ya shekara hamsin a gilashi, ana ta haɗa 'yan uwa na kusa, ana zaɓen mafi launi, ya soma zama wata halitta daban da ta rafi, kuma idan an cike fadamar da ya fito an yi gini, babu inda za a mayar da shi.

Babban raunin al'adar yana cikin ɗakin ne da kansa. Akwati yana kiran akwati, har yawansu ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sauyin ruwa na mako ya koma na wata, kifi ya rame. Ɗaukewar wuta ta kwana ɗaya a tsakiyar hunturu kan iya kashe aikin shekaru. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda zuriya guda kan rataya a wuyan dattijo ɗaya: ya kwanta asibiti, iyali ba su san abin yi ba, sai kifin wani wuri ya ɓace daga hannun masu kiwo baki ɗaya. Shi ya sa ƙungiyoyin killi suka kafa tsarin rajista, inda mutum ke ɗaukar alkawarin riƙe jinsi ɗaya ko biyu na shekaru, yana kai rahoto, yana kuma raba ƙwai ga wasu gidaje domin kada a ajiye zuriyar a ɗaki guda.