Ƙofar Mota a Parakou da Djougou: Gyara Ya Fi Musanya

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Parakou zuwa Djougou a ƙasar Benin, tafiyar kilomita 130 da 'yan kai, ya san halin da ƙofofinta suke ciki. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, na gefe kuwa kowa ya danna kafaɗarsa a marfin cikin ƙofa. Mariƙi ya karye an ɗaura igiya, abin naɗe gilashi guda ɗaya ne tak, shi ma yana wurin direba, sai zafi ya ishi fasinja ya ce, "Maigida, taimaka da hannun gilashi." Bayan kujera, babu abin da ya kai wannan marfi shan wahala a cikin mota, kuma salon da ake yayi yanzu wajen kula da shi ba zai kai masu mota ga riba ba.

A da aikin masu ɗinkin kujerun mota ne. Marfin ƙofar Peugeot 504, motar da ta fito a 1968 aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, shimfiɗaɗɗen falanki ne da aka lulluɓe da soso da leda. In ruwa ya kumbura shi, sai mai sana'a ya ɓalle tsohon, ya ɗora shi a kan sabon falanki, ya zana, ya yanke, ya huda ramukan maɓallai daidai gurbinsu, ya shafa gam, ya ja leda har ta kwanta ba tattara. Kayan aikin duk ana samun su a gari, ladan kuma a gari yake tsayawa.

Sai motoci suka canza. Corolla da Avensis da Carina da suka cika tashoshin yankunan Borgou da Donga, inda garuruwan biyu suke, suna zuwa da marfin roba da aka zuba a zubi ɗaya, mai lanƙwasa, da gurbin sifika da madannan gilashi a jikinsa. Almakashi da zarto ba sa fitar da irinsa. Nan ne masu mota da makanikai suka koma ga hanya mai sauƙi: a cire, a jefar, a nemo na gwanjo daga motar da aka farke, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Hanyar tana da ranarta. Marfin da ya tarwatse, ko wanda hatsari ya lanƙwashe, ba shi da magani sai musanya. Matsalar ita ce an mai da musanya amsar kowane ciwo, har da na maɓalli biyu da suka karye.

Na farko, kayan gwanjo ba su da tabbas. Harkar motocin Kwatano ta dogara ne da masu saye daga maƙwabta, kuma ta sha girgiza a 'yan shekarun nan: Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, ta rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya toshe gadar Malanville da Gaya. Mai mota a Djougou ba shi da hannu a ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma duk lokacin da ciniki ya tsaya a bakin teku, a aljihunsa yake ji.

Na biyu, marfin da ya yi shekara goma sha biyar a Turai ba sabo ba ne. Robarsa ta riga ta tsufa, zafin bazara da bushewar hunturu za su ƙarasa ta. Sau da yawa ma ba ya hawa daidai, domin mota ɗaya tana da mai gilashin lantarki da mai na hannu, akwai mai sitiyari a hagu da mai shi a dama. In ya ƙi zama, sai a ɗauko sukuru a huda ta fuska a ɗaure shi da ƙarfe. Wata biyu a kan hanyar burji, ramin ya buɗe, ƙofa ta fara ƙara.

Babbar ɓarnar kuwa ba a ganin ta. Bayan kowane marfi akwai siririyar leda da kamfani ya manna a jikin ƙarfe. Ruwan sama yana bin gilashi ya shiga cikin ƙofa, haka aka ƙera ta, sannan ya fita ta ƙananan ramuka a ƙasa. Ledar nan ce ke hana shi taɓa marfi da wayoyi. Yaron gareji da ke sauri sai ya yage ta ya wurgar, ya rufe. A yankin da ruwan damina ke haura milimita 1,000 a shekara, ga jar ƙura da ke toshe ramukan nan, sakamakon a bayyane yake: madannin gilashi ya mutu, sifika ta jiƙe, tsatsa ta ci gindin ƙofa daga ciki.

Akwai kuma maganar rai. Wasu motocin Jamus, irin su Mercedes W210 da BMW E39, jakar iskarsu ta gefe a cikin ƙofa take, kuma marfin yana da wurin da aka tsara zai tsage ta fito. Wanda ya lulluɓe wurin da leda mai kauri da ɗinkin ado, ko ya sa marfin da ba na motar ba, ya kulle abin da zai tare haƙarƙarin fasinja ranar karo. Wasu sababbin motocin kuma suna gane karon gefe ne ta matsin iskar cikin ƙofa, don haka ƙofar da aka bari a huje tana iya ruɗa na'urar.

Abin da ya kamata shi ne sana'ar ta bi motar, ta koyi roba kamar yadda ta koyi falanki. Tsagewar roba tana haɗuwa da ƙarfe mai zafi da 'yan guntayen waya da ake nutsarwa a bayanta. Maɓallan riƙe marfi ana sayar da su a ƙunshi, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Sabuwar ledar tare ruwa yankawa kawai ake yi a manna, ramukan ƙasa kuma tsinke ya isa ya buɗe su. Hannun da ya iya ƙona roba ya ɗinke faren babur a Parakou ba zai kasa marfin Corolla ba.

Garuruwan nan biyu suna da dalilin riƙe wannan aiki. Parakou ce ƙarshen layin dogo daga Kwatano tun 1936, inda aka daɗe ana mayar da kaya kan manyan motoci zuwa arewa. Djougou kuwa zangon fatake ce tun zamanin ayarin goro daga Kano zuwa Salaga, yau kuma garin direbobi da masu motocin sufuri. Motocin da ke cin abinci a waɗannan hanyoyi za su yi ta buƙatar gyara kowace damina. Benin tana da jarrabawar CQM da ke ba masu koyon sana'ar hannu takardar shaida, kuma ƙungiyoyin masu sana'a na Borgou da Donga za su iya neman a sa haɗa roba, mayar da ledar ruwa da sanin gurbin jakar iska cikin abin da za a gwada yaro kafin a yaye shi. Kafin a kai ga haka, mai mota yana da ikon tsayawa a gareji ya ce sai ya ga ledar ta koma wurinta kafin a rufe ƙofarsa.