Tsayuwar Da Ake Biya: Masu Gadin Faris A Littafin GauZ'

Duk mai kallon finafinanmu ya san matsayin maigadi. Shi ne wanda za a ɗaura wa rawani a karkace, a ba shi gora da buta, Alhaji ya danna hon ya taso a guje yana tuntuɓe don 'yan kallo su yi dariya. A finafinan Kudu ma haka abin yake, sai dai can har da ƙarin cin fuska, domin kusan kullum ɗan Arewa ne ake sa wa rigar, a sa shi yana kwaɓa Turanci. Ba kasafai wani darakta ke juya kyamara ya nuna mana abin da shi maigadin yake gani ba. To, wannan juyin shi ne abin da littafin *Debout-Payé* ya yi, shi ya sa na ga ya dace a kawo shi wannan fili duk da cewa ba da Hausa aka rubuta shi ba.

Marubucin ɗan ƙasar Kodebuwa ne, an haife shi a Abijan a 1971, kuma da sunan alƙalami GauZ' aka san shi. Littafin ya fito da Faransanci a 2014. Frank Wynne ya fassara shi zuwa Turanci da sunan *Standing Heavy* a 2022, a 2023 kuma ya shiga jerin littattafai shida na ƙarshe a gasar Booker ta ƙasa da ƙasa. Ma'anar sunan ita ce a biya ka don ka tsaya, wato aikin da ba a neman komai a wajenka sai ƙafafunka da idanunka. GauZ' da kansa ya yi wannan aiki a Faris, kuma hakan ya nuna a kowane shafi.

Labarin ya bi maza uku ne da suka bar Kodebuwa suka tsinci kansu a aikin tsaro. Na farko Ferdinand, wanda ya sauka a ɗakunan kwanan ɗaliban Kodebuwa da ke Faris, ya kuma samu gadin wani katafaren kamfanin niƙa fulawa. Shi ya ga lokacin da ƙofa ta soma rufuwa, domin bayan tashin farashin man fetur na 1973, gwamnatin Giscard d'Estaing ta dakatar da shigowar baƙi 'yan ƙwadago a 1974. Sai Ossiri, malamin makaranta da ya ajiye alli ya taho a shekarun 1990, da abokinsa Kassoum wanda ya taso a unguwar talakawa ta Abijan. Su biyun ba su da takardun zama.

A nan ne littafin ya fi burge ni, domin ya warware yadda sana'ar take tafiya ba tare da ya koma lacca ba. Babban kanti zai ba babban kamfanin tsaro kwangila, shi kuma ya miƙa wa ƙaramin kamfani, ƙaramin ya miƙa wa wani irin Ferdinand da ya riga ya zama ɗan gari, shi kuma ya ɗebo 'yan ƙasarsu marasa takarda. Kowa ya yagi nasa a hanya, abin da ya rage shi ne ladan mai tsayuwa. Kuma me ya sa baƙar fata ake so? Amsar marubucin mai ɗaci ce: Bature ya daɗe da sa wa ransa cewa baƙin mutum ƙato ne, mai ƙarfi, mai ban tsoro, mai biyayya. Wato tsohon raini ne ya rikiɗe ya zama takardar ɗaukar aiki. Mutumin da doka ta ce bai kamata ya kwana a ƙasar ba, shi ne aka ɗora wa tsare dukiyar masu ƙasar.

Daga nan sai harin 11 ga Satumba, 2001. Mai karatu zai zaci kakar masu gadi ta yanke saƙa tunda duniya ta firgita, kowa na neman tsaro. Ina! Sai hukuma ta tsananta binciken duk wanda zai sa yunifom, marasa takarda suka zama na farko da aka sallama. Wannan babi shi kaɗai ya isa fim guda.

Tsakanin waɗannan babobi kuma marubucin ya riƙa cusa gajerun bayanai, wasu layi uku wasu rabin shafi, na abin da maigadi ke lura da shi yana tsaye a kantin kayan mata na Camaïeu da kantin turare na Sephora da ke titin Champs-Élysées. Yadda mutanen ƙasashe daban-daban ke yi idan na'urar bakin ƙofa ta yi ƙara. Yadda ɓarawo ke tafiya, yadda mai kuɗi ke kallon mai yunifom kamar wani ɓangare na bango. Waƙoƙin da lasifikar kanti ke maimaitawa har su zame wa mutum azaba. A idon ɗan fim, waɗannan tamkar gajerun shot ne da edita ke yankowa, kyamara a kafe wuri guda, duniya na wucewa ta gabanta. Za ka yi dariya ƙwarai, amma ka lura da wanda ake yi wa dariyar. Wannan karon ba maigadi ba ne.

Sai dai fa littafin bai tsira daga tangarɗa ba. Na farko, wannan yanka-yanka ya cinye wa jaruman fili. Littafin bai kai shafi 200 ba, kuma kusan rabinsa barkwancin kanti ne, don haka kana fara shaƙuwa da Ossiri sai a fizge ka a mai da kai wajen turare. Kassoum ya cancanci a zauna da shi fiye da yadda aka yi. Na biyu, mata. Mahaifiyar Ossiri ce kaɗai mace mai nauyi, ita ma an mai da ta bakin marubuci, duk sanda ta buɗe baki sai darasi kan mulkin mallaka. Darasin da gaskiyarsa, amma uwa ba haka take magana da ɗanta ba kullum. Sauran matan kuwa, galibi jikinsu maigadi ke aunawa da ido, kuma a wasu wuraren abin ya wuce raha ya koma rashin ta-ido. Haka nan mutumin da ke kukan an yi wa baƙar fata kuɗin goro, shi ma ya yi wa Larabawa da 'yan Caina da Turawa nasa kuɗin goron. Wasu za su ce ramuwar gayya ce. Ni dai ban ga ta kan yi daɗi ko'ina ba.

Duk da haka, idan aka gwada shi da fim irin *Io Capitano* na Matteo Garrone, wanda ya fito a 2023 ya bi samari biyu 'yan Senegal ta Agadas da sahara da Libiya, za a ga giɓin da GauZ' ya cike. Fim ɗin ya ƙare ne daidai lokacin da aka hango gaɓar Italiya. Littafin kuwa daga nan ya ɗauka: an isa, sai me? Sai layi a kan matattakala ana jiran a ba ka baƙar kwat da nakatayi, ka tsaya tun safe har dare, ka aika 'yan kuɗi gida ana cewa ai wane yana aikin tsaro a Turai.

Marubutanmu da furodusoshinmu ba sa buƙatar bizar Faransa kafin su ci moriyar wannan dabara. Samarinmu na nan birjik a bakin get a Legas da Fatakwal da Abuja, wasu daga Sakkwato, wasu daga Maraɗi da Tawa, suna kwana a ɗan ɗakin da ke jikin katanga, sun san sirrin gidan fiye da matar gidan. Fim ɗin da zai kafa kyamara a wannan ɗaki ba zai ci kuɗi ba, lokeshin ɗaya ne da benci da rediyo. Jarumin ne zai yi wuyar samu, domin sai wanda zai iya riƙe 'yan kallo da ido kawai, ba rawa ba waƙa.