Jinjina ga Kakannin Kurfai Masu Tatsuniyar Dare

A Filinge da ƙauyukan Kurfai na bakin Dallol Boso, babu gwanayen labarin ban tsoro kamar tsofaffin mata. Bayan isha'i kaka kan tara jikoki a tabarma, ta kawo labarin kufan da yunwa ta watsa mutanensa, inda ake jin daka da tsakar dare, ko na amaryar da fatalwarta ta ƙi barin bakin rijiya. Sai ta yi tsit a tsakiyar zance, yara su ƙanƙame juna, sannan ta ci gaba da murya ƙasa-ƙasa.

Ba a biyan su ko dala, alhali a bakinsu yaro ke koyon girmama mamaci da jure rashi. Allah ya saka muku da alheri, iyayenmu. Matasa, ku saurare su, ku rubuta.