Amshin Aji da Koyon Sababbin Kalmomi

A yawancin makarantunmu na firamare, darasin sababbin kalmomi tafiyarsa ɗaya ce. Malami ya jera kalmomi goma a allo, ya nuna ta farko ya faɗa, aji ya amsa da ƙarfi har maƙwabta su ji. A maimaita, a kwafa a littafi, a fita tara. Ranar jarrabawa yaro zai kawo ma'anar "ambaliya" yadda aka rubuta masa, amma in ruwa ya ci gidajen unguwarsu a watan Agusta, kalmar ba za ta zo bakinsa ba idan yana ba da labari.

Amshi yana da ranarsa. A ajin da ya cika maƙil, wasu a ƙasa, littattafai ba su kai ba, shi ne hanyar da kowa zai buɗe baki. Yana gyara furuci, yana kuma rufa wa mai kunya asiri. A makarantar allo ma maimaici shi ne daidai, domin abin da ake nema a hadda shi ne a riƙe nassi ba tare da an sauya ko wasali ɗaya ba. Koyon kalma kuwa buƙatarsa dabam ce: so ake yaro ya ɗauke ta ya sa a jimlar da babu wanda ya taɓa faɗa masa. Nan ne amshi yake gazawa.

Abin da ya fi damuna shi ne muna da hanyar da ta fi wannan tun kaka da kakanni, muka bar ta a tsakar gida. Yaron da ya ji tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ya buƙatar a yi masa bayanin haɗama ko makirci. Ya ga Gizo ya ɓoye abinci, ya ga yadda asirinsa ya tonu, kashegari kuma shi ne zai maimaita wa sa'o'insa labarin da bakinsa, wataƙila ma ya kira wani mai haɗama a wurin rabon gyaɗa. Kacici-kacici ya fi haka matsa wa yaro: ko ya lalubo sunan abin a ƙwaƙwalwarsa, ko ya ba da gari. Kayan aikin ma a rubuce suke. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam tana hannu tun 1937, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni saboda yara. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato ya koma kan wannan turba, inda malami yake karanta wa yara labari da Hausa yana yi musu tambayoyi.

Da Turanci lamarin ya fi muni, don sau da yawa yaro sauti kawai yake rerawa, bai san abin da yake faɗa ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida ba su yi baya a Turanci ba. Wanda ya ƙoshi da harshen gida yana da inda zai rataya baƙuwar kalma.

A ganina kalma uku sun ishi darasi, in dai za a yi ta dawo da su cikin hira har ƙarshen mako. Malami ya tambayi yara wa ya taɓa ganin ambaliya, a ina, me ta tafi da shi. Ya hana a yi wa wanda ya yi kuskure dariya, don yaron da aka kunyata ba ya sake gwadawa. Ya kuma sa su kawo kalmomi daga gida: ɗan maƙeri ya zo da zugazugi da awartaki, 'yar mai fura ta zo da ludayi da faifai, kowa ya tashi ya bayyana wa aji yadda ake aiki da nasa.