Kwanon Baƙo: Yadda Ake Sanin Gusau

Masu cewa Zamfara ba ta da al'adar yawon buɗe ido suna auna ta ne da yawan otal da motocin zagaya gari. Ma'auninsu bai dace ba. Tun kafin a ƙirƙiro jihar a 1996, mutumin Bilbis ko Tsafe da ya nufi Gusau yana da tsarin ziyararsa cikakke, kuma ginshiƙinsa mai masauki ne.

Tarihin garin sananne ne. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Gusau a zamanin jihadi, kuma har gobe sarkin garin Sarkin Katsinan Gusau ake ce masa. Layin dogo daga Zariya ya ratsa garin ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, ya kawo cinikin gyaɗa da auduga da baƙin da suka cika Sabon Gari.

Abin da ya fi cancantar nazari a tsarin ziyarar shi ne kwanon baƙo. Da zarar labari ya kai maƙwabta cewa gidan wane an yi baƙo, bayan magariba sai yara su fara sallama da kwanuka a rufe da faifai. Kowane kwano yana gabatar da gidan da ya fito. Tuwon dawa da miyar sure na tsofaffin gidajen cikin gari ne, irin na Kanwuri. Shinkafa da miyar ja ta fi fitowa daga gidan ma'aikaci ko ɗan kasuwa. Sai hoce, wanda a wurina shi ne sarkinsu: ƙullun dawa da aka bari ya yi tsami, aka gasa bayansa ya yi ƙarfi, a marmashe shi a yi datu da ƙuli-ƙuli da mai da albasa. Masu kiransa abincin ƙauye ba su san yana kwanaki a jakar matafiyi bai lalace ba.

Kuma akwai ƙa'ida. Baƙo zai taɓa kowane kwano ko da loma biyu ce, ya tambayi daga wane gida, washegari mai masauki ya raka shi godiya. A wannan zagayen godiyar ne yake sanin lungu da zaure, da masu gidan da sana'arsu. Wanda ya ci a gidan abinci ya ƙoshi kawai, bai san kowa ba.

Fita wajen gari ma mai masauki ke tsara ta. Shi zai kai ka Dutsen Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bungudu, inda aka san bikin kamun maiki, ko 'Yandoto kusa da Tsafe, tsohuwar cibiyar malamai da ta girmi Gusau nesa ba kusa ba. Ra'ayina shi ne wanda bai taka 'Yandoto ba bai fahimci Gusau ba, domin daga can Malam Sambo ya taso.

Yau 'yan bindiga sun sa hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta zama abin fargaba, ziyara ta ragu, kuma shawarar ɗan gari kan lokacin fita ta zama dole. Ina kira ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau su zauna da iyaye mata masu gasa hoce da dattawan unguwanni, su rubuta wannan tsari tun masu riƙe da shi suna raye.