Wa Ke Iya Sayen Rufin Asiri? Sharhi Kan Littafin Gaudio

Mai karatu, idan kana bin rubuce-rubucen Turawa kan masu neman jinsi, za ka ga yawanci sun ta'allaƙa ne kan ranar da mutum ya fito ya bayyana kansa. A ƙasar Hausa kuwa ba kasafai mutum ke bayyana kansa ba, sai dai asiri ya tonu. Shi ya sa littafin Allah Made Us na Rudolf Gaudio, wanda ya fito a 2009, ya cancanci a duba shi.

Gaudio, masanin harshe da al'adu ɗan Amurka, ya zauna da 'yan daudun Kano tun shekarun 1990. Ƙarfin littafin shi ne yadda ya nuna cewa tonon asiri ba ya faɗa wa kowa daidai. Ɗan daudu mai sayar da abinci kowa na ganinsa, shi ake zagi, shi ake kora. Mai kuɗi da iyali kuwa babbar riga ta rufe shi. Irin wannan ne Kimberlé Crenshaw ta yi bayani a 1989: wariya kan haɗu ta ninka juna, ga talauci, ga tsangwama, ga rashin gata.

To amma littafin na da giɓi. Muryar mata ba ta fito sosai ba. Sannan Kano birni ne da mutum ke iya ɓacewa cikin jama'a. A Birnin Kebbi ko Argungu fa, inda ana ganinka an san ɗan gidan wane ne? Wanda ke bayanka a layin asibiti zai iya zama maƙwabcinka.

Kuma littafin ya riga dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Wani bincike a Abuja, da mujallar Lancet HIV ta buga a 2015, ya gano cewa cikin maza masu neman maza, masu tsoron zuwa asibiti sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari bayan dokar.

Ko mene ne ra'ayinka, ka lura da wannan: mai hali yana da likitan kuɗi a wani gari, talaka kuwa sai ya zauna da cutarsa a ɗaki. Ita kuma ƙwayar HIV ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya.